Kwaɗon da Aka Ɗaura wa Ɗana a Lakwal

Zuwa ga Mai girma Direktan lakwal ɗin garinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, ni ne Barmo, tsohon soja, uban Ilu, yaron nan mai jan ƙafar hagu da ke ajin ƙanana a makarantarku. Sau biyu na zo ƙofarka, sau biyu aka ce mini kana da aiki. Shi ya sa na rubuto, kuma na roƙi liman ya sa a karanta takardar nan a ƙofar masallaci bayan Juma'a. A gaban jama'a aka wulaƙanta ɗana, don haka ba zan yi maganar a ɗaka ba.

Na farko, ina so ka san yadda yaron nan ya samu ƙafafun da yake zuwa muku da su. Yana ɗan shekara huɗu sanƙarau ya kama shi. Allah ya tashe shi, amma ƙafafun suka saki. Shekara guda cur yana jan gindi, fitsari da bayan gida suna zubo masa bai ma sani ba. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu. Ni kuwa na tuna abin da na gani a asibitin soja a ƙasar Faransa, inda ake koya wa ƙarti tafiya tsakanin ƙarafa biyu. Na kafa turaku a tsakar gida, na ɗaura dogayen sanduna biyu daidai ƙugunsa. Kullum da safe uwarsa ta gasa masa ƙafafun da ruwan ɗumi, ta murza da man gyaɗa, ni kuma in lanƙwasa in miƙe, yana kuka muna jin kukan har cikin hanjinmu. Da rani in saɓa shi a wuya zuwa tafkin Madarunfa, in tsayar da shi ruwa iya ƙirji, ya riƙe hannuna ya taka. Ran da ya yi taku uku ba riƙo, zakara na yanka.

Na biyu, maganar fitsari. Na kai shi gidan likita a Maraɗi, wani dattijon ma'aikaci ya duba shi da kyau. Ya ce naman mararsa ne ya yi rauni kamar na ƙafafun, kuma shi ma ana horar da shi. Ya koya masa ya matse kamar mai riƙe tusa, ya ƙirga biyar, ya saki. Ya ce ya tsuguna kullum bayan kokon safe ko yana ji ko ba ya ji, ya riƙa cin ganye don kada cikinsa ya ɗaure, ya sha ruwa sosai, kuma ya zagaya a kan lokaci, kada ya jira sai ya matsu. Shekara uku muna wannan aiki. Da damina ta bana, Ilu ya yi wata biyu bai jiƙa wando ba ko sau ɗaya.

Na uku. Ka fi ni sanin yadda ake samun yara a lakwal ɗinku. In an ji masu ɗaukar yara sun shigo gari, har cikin rumbu ake ɓoye su. Ni da ƙafata na kawo nawa, don na san ba zai iya gona ba, na ce bari ya riƙe alƙalami. Abu ɗaya na roƙa: a bar shi ya fita sau ɗaya kafin a buga ƙarfen hutu, sau ɗaya bayansa. Mushen da ya karɓe shi, wato malamin ajinsu, ya yarda, kuma ba a taɓa samun matsala ba har aka yi masa canji.

Na huɗu, abin da ya faru ranar Talata, kwana tara ke nan. Ilu ya ɗaga hannu a lokacinsa, sabon mushe ya ce ba mai fita sai an buga ƙarfe. Ya sake ɗagawa, aka daka masa tsawa. Ɗiyar maƙwabcina da ke ajin ta ce tana jin sa yana ƙirga ɗaya zuwa biyar a hankali, yana sakewa, har abin ya fi ƙarfinsa. Sai mushe ya aiki yara bakin rijiya suka kamo kwaɗo, aka ɗaura masa a ƙugu da igiya, aka zagaya da shi filin lakwal ana tafi ana yi masa waƙar mai fitsarin kwance. Ya faɗi sau biyu. Aka ɗaga shi aka ci gaba.

Na san wannan al'ada, da ita muka tashi. Tsofaffi na yi wa yaron da suke ganin ƙiwuya ce ke hana shi tashi. Ko a can ban taɓa ganin wanda kwaɗo ya warkar ba. Balle yaron da ya ɗaga hannu har sau biyu! Kuma mutumin da ya yi wannan shi ne mai sa takalmi da tabarau, mai gaya wa 'ya'yanmu cewa iyayensu suna cikin duhu. Wallahi raina ya ɓaci, kuma har yanzu a ɓace yake. Da a shekarun ƙuruciyata ne, ba takarda za ka gani ba.

Na biyar, halin da muke ciki yanzu. Ilu ya daina shan ruwa. A hankalinsa na yaro, in bai sha ba, ba zai zubo ba. Uwarsa na bin sa da ludayi, yana kulle baki, leɓunansa duk sun tsattsage. Cikinsa ya ɗaure, fitsarin ya koma ja, kuma zubar ta dawo. Ya ƙi kusantar sandunan nan. Shekaranjiya na shigo gida na tarar da shi yana jan gindi zuwa ɗaki don kada a ga tafiyarsa. Aikin shekara biyar ke warwarewa a gabana, a kan fita ta ɗan lokacin da bai kai shan lofe ba.

Ga abin da nake roƙo. A mayar masa da izinin fitarsa, ka rubuta da hannunka don kada izinin ya sake bin wani mushe ya tafi. Sabon mushe ya tsaya gaban yaran da ya sa su waƙa, ya gaya musu ciwo ne, kuma shi ne ya yi kuskure. Ban ce a kore shi ba, shi ma ɗan wani ne. Sannan a ba ni dama in shiga ajin nan ranar Litinin, ina da magana da yaran.

Bari in faɗe ta tun yanzu, tunda ana karantawa. Ko uwar Ilu ban taɓa gaya wa ba. Kun sha ganina da lambar yabo a ƙirji ranar taro, ana ce mini namiji. To, ɓarɓashin bam ɗin da ya shiga bayana ya kwantar da ni wata bakwai, kuma duk watannin nan a shimfiɗa nake yin fitsari da bayan gida, ina da gemu, ina da mata a gida. Mata baƙi ne suke wanke ni. Ba wadda ta taɓa yi mini dariya. Su suka koya mini ƙirga biyar ɗin nan tun kafin in ji shi a Maraɗi. Jiya na gaya wa Ilu wannan labari. Ya daɗe yana kallona, sannan ya miƙo hannu ya karɓi ludayin ya sha rabi.

Ranar Litinin za mu zo tare, shi da ƙafarsa, ni da lambata a ƙirji. In kwaɗo ne dokar lakwal ɗinku, a tanadi igiya mai tsawo, don ƙuguna ya fi nasa kauri, kuma ni na riga shi.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya raya maka zuri'a cikin ƙoshin lafiya, kada ya nuna maka ranar da za ka bi ɗanka da ludayi kana roƙonsa ya sha ruwa.

Wassalam.

Barmo, tsohon soja, uban Ilu.