Muryarka Tana Cikin Akwatin da Ya Sha Ruwa

Auta ce take rubuta wannan, ni ina faɗa, ita za ta karanta maka a kunne in ta je asibiti. Auta, rubuta yadda ya fito, kar ki gyara mini baki.

Zuwa ga Mai Tabarau, inuwata da tsakar rana, ruwan sanyin maƙogwarona, bishiyar da na jingina da ita shekara arba'in da bakwai ban taɓa jin ƙaya ba!

Na yi maka ɓarna, kuma na kasa faɗa maka ido da ido, don kai yanzu idon kawai gare ka, baki ya rufe tun ranar da ka faɗi.

Kwamfutarka ce. Da na ji likita ya ce ƙila su sallame ka, sai na ce bari in wanke ɗakinka. Ka san hali, ba kai ka sa mini Uwar Soso ba? Na ɗora kwanon ruwan sabulu a kan dogon akwatin nan na gefen tebur, bakin zanena ya ja shi. Ruwan bai zuba ƙasa ba, ta 'yan ramukan sama ya shige.

Na goge, na danna maɓallin kunnawa. Fankar ciki ta juya sau ɗaya ta tsaya. 'Yar fitilar ta ƙifta ta mutu. Gilashin baƙi ƙirin kamar bakin rijiya. Na sake dannawa, na bubbuga, na girgiza, yadda na yi ta girgiza ka a bakin ƙofa ina kiran ka.

Ka tuna yammacin da kake zama gabanta kana ba ta labarinmu? Ka ce tunda ni da karatun baƙi ba ma ga-maciji, da baki za ka bar mini wasiƙa. Har waƙa ka yi da muryar nan taka ta tsohon rago, ina daga kicin ina cewa ka tausaya wa maƙwabta. Ka ɗiga jan fenti a maɓalli ɗaya, ka ce in ka riga ni, in danna nan. Ya hasken idona, wa ya ce mana muryar za ta riga ka tafiya?

Mai gyara ya zo jiya. Ya kwance gefen akwatin, ƙaurin ƙuna ya taso, ga busasshen sabulu fari-fari, ga wani kore-kore yana cin ƙarfen. Ya tambaye ni ko na kunna bayan ruwan. Na ce sau bakwai. Wai ruwa shi kaɗai ba ya kashe ta, da na zare waya na bar ta ta bushe. Wutar da na yi ta tura mata a jiƙe ita ta cinye ta. Da hannuna, Mai Tabarau, da wannan hannun da ka riƙe!

Ya ciro wani ƙarfe kamar tafin hannu, ya ce nan muryarka take. Gobe zai haɗa shi da wata kwamfutar. In ya juya lami lafiya, to. In ya ji yana ƙas-ƙas, sai haƙuri.

Yau kuma na tarar sun mai da kai ɗakin ƙarshe, kusa da ma'aikatan jinya. Ba wanda ya ƙara yi mini zancen sallama. Likitan da ke tsokanata ya wuce ni yana duban takalminsa.

Da safe na rufe ido in ji yadda kake kiran Uwar Soso. Tarinka kawai ya zo.

Don Allah ka jira gobe, tauraron asubahina. Kar ku tafi ku biyu, kai da muryarka, ku bar ni da gidan da ba motsi. In ka yafe, ka ƙifta wa Auta ido sau biyu, za ta faɗa mini gaskiya.

Taka ce ni da murya, taka ce ba murya, har a kwantar da ni inda aka kwantar da kai.

Auta, ajiye biron. Na gaji.