Famfona da Hafizullahi

Yaya Illo,

Gaisuwa mai yawa. Ya Inna da ƙafarta, ya geron Tsamaye? Allah shi kiyaye hanyar Sabon Birni. Ni ƙalau nike nan Turkiyya, sai ɗan tarin sanyi, kada ka faɗa ma Inna.

Ka san aikin karatuna kan famfon mai ne, wanda fistin ɗinsa, wato ƙarafan da ke tura man, ke kewaye da sanda kamar mutane a bakin akushi. Ƙarfe na gugar ƙarfe, shi yi zafi, shi cinye. Tun damina nike fama, har na gano in an yanka 'yar hanya ƙarƙashin kowane fistin, mai na shiga tsakani, gugar ta ragu.

Hafizullahi na Bafarawa, wanda na sauke a ɗakina, shi kaɗai na nuna ma zanen. Ya kai ma malaminmu da sunansa. Da na tare shi, ya ce, "Isah, ai duk na gida ne."

Zanen farko ya ɗauka, wanda hanyar ta yi faɗi, mai ke tsiyayewa. Ranar gwaji za ni zauna layin gaba, in ga famfon ya yi hayaƙi a hannunsa, sannan in fito da nawa da na gyara.

Na ji danginsa sun kawo goron neman ƙanwarmu Surayya. Don Allah, Yaya, ka mayar musu da shi har Bafarawa, kuma ka bari sai ranar kasuwa, kowa shi gani.

Allah shi tsare ku.

Ƙanenka,
Isah