Askar Baba Wanzami

Laraba da dare, Dichemso

A rub da ciki nake wannan rubutu, don bayana ko iska ba ya so ta taɓa shi.

Ƙaho kawai na je Baba wanzami ya yi mini shekaranjiya, saboda ciwon bayan nan na tuƙin trotro, motar hayar da nake ja. Na ce ya aske iya inda ƙaho zai zauna. Ya ce, "To, ɗana, sunkuya." Ina sunkuye ina jin aska tana yawo tun daga wuya har ƙugu. Ya juyo ni ya bi ƙirjin ma, wai gashi na riƙe mataccen jini. Sa'an babana ne, ga mutane a benci suna kallo. Na bar shi ya ƙarasa.

Yau tun asuba nake manne da kujerar mota ta leda, gumi na shiga ƙurajen aska kamar barkono. Saura ƙiris in buge mai keke a Buokrom garin susa.

Na dawo ina ta faɗa, matata Hajara na shafa mini man kaɗanya tana danne dariya. Na ce mene ne? Ta ce, "Maigida, kar ka ɗau alhakin tsoho. Ni na roƙe shi. Na gaji da tsintar gashi a zanin gado."

Abin ya ci mini rai sosai paa. Shekara tara muna kwana gado ɗaya ba ta taɓa gaya mini ba, sai wanzami, wanda bakinsa ya fi askarsa kaifi. Yanzu duk unguwarmu ta zongo sun san abin da ke ƙarƙashin rigata.

Wallahi in gashin nan ya dawo, ko sili ɗaya ba mai sake taɓawa.