Madubin Bindigar Kawu Shitu

Sultana, Madina

Kawu Shitu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa. Yaya Inna Murja da ciwon ƙafarta? Mu lafiya lau muke. Makaranta ma alhamdu lillahi, sai dai har yanzu ni kaɗai nake zama lokacin cin abinci.

Abba ya kai ni shagon kayan farauta, don madubin bindigar da ka ce a sayo maka, mai jawo abu ninki ashirin da huɗu. Na leƙa ta cikinsa. Dutsen Uhudu ya matso kamar in taɓa shi, amma da hannuna ya ɗan motsa sai ya ɓace mini. Mai shagon ya ce haka gwanki zai ɓace wa maharbin da hannunsa ke rawa.

Kawu, ka yi haƙuri, mai ninki tara muka saya. Ni na roƙi Abba, kuma ban faɗa masa dalili ba. Ranar da muka yi sallama na ga shayi yana zubowa daga kofinka.

In ranka ya ɓaci, ka kira ni ka yi mini faɗa. Ko faɗan ne, ina so in ji shi da muryarka.

'Yarka,
Amatullah