Mayafinki Ya Zama Daji

Morotai, Yuni 1945

Zuwa ga Dulcie tawa, farin watan garin Colac, ruwan farko bisa kwanon rufi bayan dogon fari, furen rawaya mai rigan kowa buɗe ido cikin sanyi, yistin da ke kumbura zuciyar Clarrie har ta fi ƙarfin kwanon gashi.

Ina gaishe ki gaisuwa mai ɗumi irin ta burodin fitar farko. Bayan gaisuwa, ki nemi kujera ki zauna, ki kuma ajiye tsinken saƙa nesa da hannunki. Na san saitinki, kuma duk da faɗin tekun da ke tsakaninmu ban gama yarda da shi ba. Wannan takarda ba za ta bar tsibirin nan ba sai bayan mun sauka inda aka nufa da mu, don an tara wasiƙun kowa an ɗaure bakin buhu. Saboda haka yau bakina a sake yake, kuma akwai maganar da gara ki ji ta daga gare ni, alhali ina inda hannunki ba ya kaiwa.

Kin tuna yammacin nan a madafar Mama, mahaifiyarki, lokacin da ulu ya yi ɓatan dabo a kantuna? Kika ɗauko koriyar rigar sanyinki, wadda kika sa ranar rawa a zauren gari, ranar da na fara ganinki na taka ƙafar matar mai gidan burodin da nake wa aiki don tsabar kallo, kika zauna kina warware ta. Kika sa ni na miƙe hannuwa biyu kamar ɓarawon da aka kama, kika rataya mini zaren kina dunƙulewa, Mama kuwa tana gefe tana fere dankali da ido ɗaya a kaina. Da ta fita rufe kaji, wa ya fizgi zaren? Ke kin ce ni ne, ni kuma har gobe ina cewa zaren ne ya ga dama. Abin da na sani, zare ya tsinke, kika faɗo kusa, kuma sumbar da na samu a ranar ita ce guzurin da nake ci har yau. Da muka ji tafiyar Mama kika ƙulla zaren a gurguje, kika yi wani ƙaton ƙulli kamar kan babban yatsa. Kika saƙa shi haka cikin mayafin wuyan da kika yi mini, kika ce a bar shi ya zama shaida a kaina.

Ranar tafiyata yaƙi, a tashar jirgin ƙasa, na sake roƙonki aure kamar yadda na saba, ke kuma kina naɗa mini mayafin har ya kusa rufe mini hanci. Maganarki tana kunnena kamar yanzu: "Ka dawo mini da shi a wuyanka lafiya lau, ba huji, ba zare a waje, ranar nan zan ce maka to. In ka ɓatar da shi, kar ma ka sauko daga jirgin, ka zarce."

Ya hasken idona, wace mace ce a duniya, in ba 'yar Colac ba, za ta tura mutum ƙasar da ƙarfe ke gumi da mayafin ulu mai tsawon igiyar shanya? Nan rana takan fito ne da fushinta ta kwanta da shi. Ƙurajen zafi sun yi mana ado, ƙwayar zazzaɓin da ake ɗura mana kullum ta mai da mu rawaya kamar man shanu, takalmi in ya kwana biyu sai ya yi gashi. Amma na riƙe amana. Na ratsa dazukan New Guinea da shi a ƙasan jaka, ina shanya shi duk ranar da rana ta yi sassauci, ina korar kyankyaso da funfuna, samarin ƙungiyarmu suna yi mini waƙa wai ga mai jiran ƙanƙara. Sai in yi musu banza, in sa hanci a cikinsa in ji ƙamshin hayaƙin murhun Mama, ko kuwa in raya wa kaina cewa na ji.

To, ga inda gizo ya yi saƙarsa, ko in ce ya yi warwararsa. Ran nan muna kan layi sai Saje Mulcahy, wani gajere mai murya kamar ana jan kwano a kan siminti, ya ce, "Wa ya iya kwaɓi a cikinku?" Ni da na yi shekaru a bakin tanderun burodi, na ɗauka madafa za a kai ni in huta da haƙar rami, sai na ɗaga hannu har da ɗage. Ashe wani babban tanti ne mai masu gadi a ƙofa. A ciki ga tebur kamar filin rawa, ga hotunan da jiragen sama suka ɗauko, ga buhunan farar ƙasa da garin katako. Aka ce mu gina gaɓar Borneo a kan teburin nan, da tudunta da kwarinta da bakin koginta, don duk sojan da zai sauka ya fara ganin wurin da idonsa kafin ya taka shi da ƙafa.

Da ma kin ga tashar nan yanzu, Dulcie. Jiragen ruwa sun cika ta har mutum zai iya tsallakawa daga wannan zuwa wancan bai jiƙa ba. Manya suna kwana suna tashi a kan gardamar yaushe ruwa ke cika, yaushe yake janyewa, kwale-kwalen ƙarfe nawa za su buɗe baki a kan yashi a zubin farko, wa zai bi wa. Can kuwa, bayan bishiyoyin da ke cikin hotunan, akwai ƙauyukan da Japanawa suka danne shekara da shekaru, da namu da ke tsare, suna jiran su ji ƙarar da za mu zo da ita. Duk wannan shiri, wai sai an bi ta hannun mai gashin burodi. Na murza musu duwatsu kamar ina murza kwaɓin Kirsimeti, na ja kogi da bayan cokali, har Saje ya ce saura kaɗan ya yanka tudun nan ya shafa masa man shanu.

Sai aka zo kan daji, aiki ya tsaya. Koren soson da aka ce za a aiko mana ya bi wani jirgi ya tafi wani tsibiri. Muka gwada ciyawa ta bushe, muka gwada gansakuka tururuwa suka kwashe, muka rina auduga ta dunƙule kamar kashin tumaki. Ranar kuwa na shanya mayafinki a igiyar tanti yana shan iska abinsa. Na ga idon Saje ya sauka a kansa.

"Kai ɗan burodi, wancan koren macijin na waye?"

"Na aure ne, Saje. Ba a taɓawa."

"Auren wa? Kai da ko akuya ba ta amsa maka sallama? Kawo shi nan."

"Ka harbe ni ya fi mini sauƙi. Ba ka san yarinyar ba."

Sai ya bar wasa, ya ja ni gaban teburin, ya nuna mini farin yashin da babu ko tsiro a bayansa. Ya ce, "Yaran nan za su fito daga ruwa a guje, wuta na zuba. In ba su san inda duhuwa take da inda fili yake ba, a filin za su kwanta. Zaɓi ya rage naka."

Ya sanyin zuciyata, me kike so in yi? Na kwance shi da hannuna, na kama bakin zaren na ja. Kowane layi da ya warware sai na ji kamar daga haƙarƙarina ake zare shi, kuma ban ji kunyar hawayen da Saje ya gani ba. Muka yayyanka, muka taje, muka ɗaura a kan guntayen waya. Kafin rana ta faɗi mayafinki ya zama kurmi, ya zama gonakin kwakwa, ya bi bakin kogi ya hau tudu. Wallahi ban taɓa ganin daji mai kyansa ba.

Kafin ki murtuke fuska, ki yi mini adalci. Wa ya fara warwara, ni ko ke? Ulun nan riga ne a da, kika mai da shi mayafi, ni kuma na mai da shi ƙasa guda. Ashe ba ƙarin girma ya samu ba? Wace budurwa ce a duk faɗin Victoria za ta ce kanar-kanar sun sunkuya a kan saƙarta, sun cire hula, suna magana ƙasa-ƙasa?

Saura ki ji ta ƙullin. Almakashi ya zo kansa na kasa, sai na dasa shi yadda yake a bayan yashi, inda wata 'yar hanya ta shiga daji. Ranar da aka shigo da bataliyarmu ƙungiya-ƙungiya don a nuna wa kowa wurinsa, Manjo yana bi da sanda sai ya tsaya cak, ya duba hoto, ya duba tebur, ya ce, "Wannan ƙatuwar bishiyar fa? Ba na ganinta a hoto." Na ƙame na ce, "Yallaɓai, ba bishiya ba ce, ƙullin Dulcie ne." Dariyar da aka yi sai da masu gadi suka leƙo. Manjo ya goge ido ya ce, to, tunda dama ana neman sunan da za a kira mahaɗar nan, an samu: duk wanda ya tsallake yashi, a haɗu a Ƙullin Dulcie.

Kin ji abin da na jawo wa kaina! Yanzu bataliya guda, ƙarti masu gashin ƙirji, ba su da zance sai ke. Wannan ya ce shi zai riga kowa isa wurin Dulcie, wancan ya ce in ya isa ba mai tayar da shi. Wani dogo daga Queensland har tambayata ya yi ko kina da ƙanwa, ko da ba ta iya ƙulli ba. Kishi yana cina kamar tsatsa, amma a ƙarƙashinsa akwai wani abu da ban san sunansa ba. Na ga yaran da ba su da kowa a gida suna maimaita sunanki a kan leɓe don kar su manta inda za su tsira, sai na ji ba zan iya yi musu rowarsa ba.

Na so in tsince dajin in dunƙule miki bayan an gama, ko safa ɗaya ki fitar. Ba a bari ba. Doka ta ce duk abin da ya nuna inda za mu, wuta ce makomarsa. Yau da safe aka fitar da teburin bayan tanti aka zuba masa fetur, ina tsaye ina kallo. Ulu ba ya ci da harshen wuta, Dulcie, murtukewa yake yana ƙauri, kamar yadda na san za ki yi. Ko zare ɗaya ban fita da shi ba, don sai da aka lalube mu a ƙofa.

Ga ni nan dai, ba mayafi, ba hujja, gobe kuma za mu hau jirgi. A zubin farko aka sa ni. Na yi ta wasa a takardar nan ne don in ɓoye miki abu ɗaya. Tsoro nake ji, ya abar ƙaunata, tsoron ruwan nan da yashin nan, amma wanda ya fi shi shi ne in tsallake duka in iso Colac ki dubi wuyana ki juya baya. Shin rana takan ƙi fitowa don an ɓatar da hula? Shin ruwan sama yakan tambayi gona ina shingenta kafin ya sauka? Ina roƙonki da girman yammacin nan na madafa, ki rage mini sharaɗi. Kin ce in dawo da mayafi a wuya, ba huji. Mayafi ya tafi aikin da ya fi ni. Ki bar mini rabin sharaɗin, in yi iyakar ƙoƙarina in kawo miki wuyan, ba huji.

Lokacin da kike karanta wannan, an riga an yi abin da za a yi, kin fi ni sanin yadda ta kaya. In sunana bai fito cikin na mamatan da ake karantawa a coci ba, ki fara neman ulu, ki zo tasha da amsarki, don zan sauko daga jirgin nan ko kin ce in zarce. In kuwa ya fito, kar ki zauna kina saƙa wa kabari. Ki yi kukanki ki share, ki auri mutumin kirki mai haƙurin miƙe hannuwa, ki saƙa masa ja, ki saƙa masa shuɗi, ki saƙa masa duk launin da ke cikin kanti. Kore kaɗai nake roƙo ki bar mini.

Naki a tudu da cikin ruwa, naki muddin akwai numfashi a wuyan nan, naki ko bayansa,

Clarrie Dunstan