Zaman da Kake Yi Bayan Asuba

Zuwa ga Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa, ko da yake na san ba ta da inda za ta same ka. Kai ka koya mini boko, ga shi wasiƙar farko da na rubuta maka ba za ka karanta ba.

Na fita takaba ranar Laraba. Kogi bai kawo ruwa ba bana, shinkafar Yaya Habu ta Auyo ta ƙone a tsaye. 'Yarmu Hajara ta sauka lafiya, namiji, an sa masa sunanka. Rigimamme ne kamar yadda kake kafin zuwan likitan nan.

Maganar likitan ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka tuna shi, mutumin ƙasar Silon ta kusa da Indiya da kuka yi aiki tare a asibiti, wanda ya ga baƙin ciki na neman kashe ka bayan ruwa ya ci ɗanmu Sani? Shi ya koya maka zama shiru kana bin numfashinka, shigarsa da fitarsa, in damuwa ta zo ka dube ta, kada ka kore ta, kada ka riƙe ta. Ka ce koyarwar wani jagoran addinin ƙasarsu ce, wai shi Buda. Ka ce kai Musulmi ne jiya da yau, wanda ya sha maganin likita ai bai shiga addininsa ba. Salla ba ta taɓa wuce ka ba, ni shaida ce.

Amma ni haushi nake ji. Ina ɗaki ina kuka, kai kana gindin darbejiya ido a rufe. Na ɗauka ka manta da yaron. Shi ya sa na gaya wa Yaya Habu wai ka fara irin bautar mutanen likita. Ni ce, Malam. Magana kuwa zarar bunu ce. Kafin mako ya zagayo an daina ba ka jan salla in liman ba ya nan, kai da ka shekara goma kana ja. Shekara shida kana sahun baya, ba ka taɓa tambayar wanda ya kai maganar ba. Ba ka sani ba ne, ko kuwa ka sani, ka dube ta ka bar ta ta wuce?

Yanzu ni ma ina gwadawa bayan asuba. Ba na kai numfashi goma hawaye ke zubowa. Amma na gane ba mantawa ka yi ba. A zaman nan babu inda mutum zai ɓuya wa abin da ke cin ransa.

Na aika aka gaya wa liman gaskiya. Ya ce Allah ya ji ƙanka. Me wannan zai mayar maka?

Ranar da aka yi maka sutura, an kira ni in yafe maka kafin a fita da kai. Na durƙusa na ce na yafe, mata suna ta yaba haƙurina. Ni ya kamata in roƙa. Bakina ya ƙi buɗewa har aka ɗauke ka.

Ka yafe mini, Malam. Allah ya haskaka kabarinka.

Matarka,
Asabe