Faifai Ɗari Bakwai da Arba'in da Uku

Landan, Litinin 4 ga Maris, 1996

Yaya Lorraine,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Baba da kanti. Tunda kin ce wayar kanti ta ciniki ce ba ta surutu ba, to ga takarda. Maganar ma ba ta waya ba ce.

Litinin mai zuwa waƙarmu za ta fito. "Bas ɗin Ƙarfe Shida", daga ƙungiyarmu ta 'Yan Masaƙa, da sunan ƙanenki a bayan faifan, shi ya rubuta, shi ya kaɗa jita. Ki share mata wuri a taga, ki sauke hotunan yaran Landan ɗin nan masu gashi kamar tsintsiya.

Ga matsalar. Kamfanin da ya buga mana faifan sun ce idan ba ta shiga goman farko ba a ƙidayar ranar Lahadi ta waƙoƙin da aka fi saya, babu babban faifai, babu kwantiragi, mu huɗun mu tattara komatsanmu mu koma Darwen. Kin san kantinki yana cikin waɗanda ofishin ƙidaya ya sa wa na'urar ƙirga faifan da aka sayar. Wani mutumin kamfani, Julian, zai zo miki ranar Laraba da kwalin faifanmu. Abin da yake so bai taka kara ya karya ba. Kullum idan kanti ya yi shiru, ki ɗauki faifai ashirin ko talatin ki goga a na'urar kamar an saya. Zai bi wasu kantunan ma, kaɗan nan, kaɗan can. Kowa haka yake yi, Yaya, har waɗanda kike mannawa a taga.

Don Allah ki karɓe shi hannu biyu. Ki gaida Baba da ƙarfi, yadda zai ji.

Ƙanenki,
Glenn

*

Darwen, Alhamis 7 ga Maris

Auta,

Na samu takardarka, muna lafiya. Baba ya ce in tambaye ka ko har yanzu ba ka yi aski ba.

Julian ɗinka ya zo. Takalminsa har ɗaukar ido yake, ya faka mota a bakin ƙofar mahauci, ya shigo yana ce mini "ƙawata". Na ce masa ƙawayena duk na san sunayensu. Na haɗa masa shayi, don ba a haife ni a titi ba, ya sha rabi, na ɗauki kwalinsa na kai masa har mota. Da ya ga da gaske nake sai ya ce, "Madam, ƙanenki fa kike yi wa." Na ce, "Na san wanda nake yi wa, ni na wanke masa kashi."

Shekara goma sha huɗu ina riƙe da kantin nan. Na'urar nan ba ta taɓa ƙirga faifan da mutum bai miƙo kuɗinsa ya fita da shi a hannu ba. A bayan kantar nan ka koyi jita, kana kore mini masu ciniki da ƙarar da ko kare ba ya jurewa. Waƙar da ka rubuta a kan Baba da bas ɗinsa na zuwa masaƙa, ita kake so in tura da ƙarya? Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya a gaban injin saƙa har kunnuwansa suka mutu, bai taɓa fitowa da ƙyalle ɗaya a aljihu ba?

Ba zan goga ba. Sayarwa zan yi. Na yi odar ɗari takwas, dillalin sai da ya sa na maimaita masa sau biyu.

Ka ci abinci, hotonka na jarida duk wuya ne.

Yayarka,
Lorraine Aspden

*

Landan, Asabar 9 ga Maris

Yaya,

Ina gaisuwa, amma raina a ɓace yake, ba zan ɓoye ba.

Ɗari takwas! A Darwen! Wa zai saya, tumakin kan tudu? Waƙar da ta zo ta ɗaya a ƙasar nan kaf, guda nawa kike sayarwa a mako? Arba'in? Kin kunyata ni a gaban Julian, yanzu a ofis "ƙanen waliyyiya" suke kirana. Waɗanda za mu kara da su a makon nan iyayensu lauyoyi ne, idan sun faɗi a kan katifa za su faɗi. Ni kuwa idan na faɗi, layin karɓar tallafin marasa aiki ne, ke ma kin sani. Colin mai ganga matarsa wata bakwai gare ta. Ki je ki faɗa mata gaskiyarki.

Ke kina da kantinki. Ni wannan makon kaɗai nake da shi.

Glenn

*

Darwen, Asabar 16 ga Maris

Auta,

Bayan gaisuwa, ka zauna kafin ka karanta. Yanzun nan na rufe kanti, ƙafafuna kamar ba nawa ba.

Tumakin kan tudu sun zo. Ranar Litinin tun kafin in ɗaga ƙyaure layi ya wuce gidan mahauci ya kai tashar bas. Ban biya kowa ba, ban roƙi kowa ba. Takarda ɗaya na manna a taga, na rubuta cewa ɗan Harold Aspden ya yi waƙa, idan ba ta shiga goma ba Landan za ta koro shi. Shi ke nan.

Ka san wa ke kan gaba? Baba, da kwat ɗinsa ta zuwa coci. Na ce ya ɗauka kyauta. Ya daka mini tsawa, ka san ba ya jin muryar kansa, ya ce, "Ni almajiri ne ko maroƙi? Goga a abin naki in gani!" Ya ajiye fam biyu ba kwabo ɗaya, ya tsaya har na'ura ta yi ƙara, da na gyaɗa masa kai sannan ya matsa.

Tsofaffin matan masaƙa sun zo a ayari. Ka tuna yadda suke hira da leɓe ba sauti, tun zamanin da ƙarar inji ba ta barin a ji magana? Haka suka yi ta gulmarka daga wannan gefen titi zuwa wancan. Na kama Doreen Holden tana cewa wandonka ya yi maka ɗamewar da ba ta dace da ɗan mutunci ba. Ta sayi kaset, ba ta ma da abin saka shi. Malamin lissafinka ya zo, ya ce a gaya maka har yanzu bai yafe ba. Direbobin bas sun zo da rigunan aiki. Mai mashayar kusa da tasha ya ce in ba shi hamsin ya raba, na ce mutum ɗaya faifai ɗaya, masu son rabon su zo da ƙafafunsu. Suka kuwa zo, wasu suna tangaɗi.

Na ajiye babban littafi a kan kanta, duk wanda ya saya ya rubuta sunansa da layinsu da abin da yake so ya gaya maka. Don kai na yi, ka samu abin karantawa ranar da kanka ya kumbura.

Ɗari bakwai da arba'in da uku, Glenn. Kowane ɗaya da mai shi. Colin ya bugo ranar Laraba ya ce a ƙidayar tsakiyar mako kuna na takwas. Gobe da yamma za mu kunna rediyo a kanti, kowa zai zo da kujerarsa. Ka ce da Julian ina gaishe shi.

Yayarka da ba ta san komai ba,
Lorraine

*

Landan, Litinin 18 ga Maris

Yaya,

Ina fata kin tashi lafiya. Kin ji da kunnenki. Na goma sha ɗaya.

Abin da ba ki ji a rediyo ba shi ne wannan. Tsakaninmu da na goma bai kai faifai ɗari huɗu ba. Da safen nan Julian ya kira mu ofis ya ce ofishin ƙidaya sun cire lissafin kantinki gaba ɗaya daga na makon. Sun ga kantin da ke sayar da arba'in ya sayar da ɗari bakwai, a garin su mai waƙa, kuma sunan mai kanti ɗaya da na mai jita. Suka ce wannan ai maguɗi ne ƙarara. Julian har dariya ya yi. Ya ce, "Da yayarka ta bi tawa, talatin a rana, ko ƙyaftawa ba za su yi ba. Ƙarya ai a hankali ake yin ta."

An sallame mu. Sun ba mu zuwa ƙarshen wata mu bar gidan da suka kama mana. Colin ya ɗauki sandunan gangarsa ya fita.

Ban san me zan ce miki ba. Na so in zage ki, na ɗauki biro har sau uku. Kin yi gaskiya, gaskiyar ta kashe mu. Kada ki gaya wa Baba dalili.

Glenn

*

Ofishin Ƙidayar Faifai, Landan
20 ga Maris, 1996

Zuwa ga Malama L. Aspden,

Bayan gaisuwa, muna sanar da ke cewa alƙaluman da na'urarmu ta aiko daga kantinki tsakanin 11 da 16 ga Maris sun saɓa wa tsarin cinikin da aka san kantin da shi. Bisa ƙa'idar kare ƙidaya daga cinikin da ba na haƙiƙa ba, ba a sa su cikin lissafin makon ba. Wannan hukunci ba a ɗaukaka ƙara a kansa.

Haka kuma an cire kantinki daga jerin kantunan ƙidaya. Ma'aikacinmu zai zo ɗaukar na'urar ranar Asabar 30 ga wata, da ƙarfe sha ɗaya na safe. Muna roƙon a tanadar masa ita tare da wayoyinta.

Muna godiya da haɗin kan da kika ba mu a shekarun baya.

Naki cikin girmamawa,
R. Pemberton-Lyle
Jami'in Tantancewa

*

Darwen, Juma'a 22 ga Maris

Zuwa ga Malam Pemberton-Lyle,

Ina gaishe ka, don haka aka koya mini. Takardarka ta iso, na kuma manna ta a taga inda kowa zai karanta.

Ka ce cinikin ba na haƙiƙa ba ne. Doreen Holden, shekararta saba'in da shida, ta karanta ta tambaye ni ko ita ce ba ta haƙiƙa ba. Na ce ta jira ta tambayi ma'aikacinka.

An kawo mini kwalin ƙarya har cikin kanti, na mayar da shi mota da hannuna. Da na karɓa, da yau kana aiko mini da katin godiya. Shekara goma sha huɗu garin nan yana sayen waƙoƙin 'ya'yan wasu, kuna ƙirgawa ba ku taɓa cewa mun yi yawa ba. Mako ɗaya muka sayi ta ɗanmu, sai lissafinku ya ce ba mu wanzu ba. Wayar tarho gare ku. Kira ɗaya ya ishe ku, da na karanto muku sunaye har kunnenka ya yi zafi.

Ba roƙo nake ba, na ga ka ce ba a ɗaukaka ƙara. Ku zo ku ɗauki na'urarku, na goge mata ƙura. Amma ka gaya wa mutumin naka ya zo da wuri, don ba zai samu wurin faka mota ba. Mutum ɗari bakwai da arba'in da uku za su tsaya daga bakin ƙofata zuwa tasha, kowa da faifansa a hannu. Ba wanda zai taɓa shi. Ta tsakiyarsu zai bi da na'urar, ya ƙirga da idonsa tunda ita kun ce ba ta iya ba.

A jerin da nake rubutawa a allon taga, "Bas ɗin Ƙarfe Shida" ce ta ɗaya a makon nan, kuma ita ce a mako mai zuwa. Allon nawa ne, allin ma nawa ne.

Ki huta lafiya nake ce wa na'urarku, kai ma ka huta lafiya.

Lorraine Aspden
Mai kanti

*

Darwen, Asabar 23 ga Maris

Auta,

Gaisuwa. Ga littafin nan na aiko maka, da kwafin amsar da na ba ofishin ƙidaya.

Ba zan ce ka yi haƙuri ba, don ban yi nadama ba, kuma ba zan fara yi maka ƙarya yanzu ba. Amma tun Lahadi ban iya cin abincin kirki ba. Na je gidan su Colin, na tsaya a gaban matarsa na faɗa mata gaskiyar tawa kamar yadda ka ce. Ba ta ba ni kujera ba. Da zan fita ta ce ita ce ta ɗari biyu da shida a littafin.

Baba ya sani. A taga ya karanta, ba ni na faɗa ba. Ka buɗe shafin farko.

Yayarka,
Lorraine

*

Landan, Talata 26 ga Maris

Yaya Lorraine,

Ina gaishe ki, gaisuwa ta gaske.

Na buɗe. "Harold Aspden, Layin Masaƙa, gida na tara. Ban ji ko kalma ɗaya ba. Lorraine ta ɗora hannuna a kan lasifika, na ji ta har kafaɗa. Haka injina yake bugawa. Yaron ya saurara ashe." Ban wuce shafin ba sai da Colin ya ƙwace littafin yana neman rubutun matarsa.

Ba ki faɗa mini ko sauran hamsin da bakwai ɗin suna nan ba. Ki ajiye mini ɗaya, ban taɓa sayen nawa ba. Zan biya, kuma ki goga shi a na'urar kafin su cire waya.

Muna tahowa ranar Asabar mu huɗu, da jita da ganga. Ki ce wa mahauci za mu ja wuta daga shagonsa. Ki sa Baba kusa da lasifika.

Ƙanenki,
Glenn